Tankaɗen Yashi a Hanyar Takaya

Mun tashi daga Zinder da asubar Asabar, gari na ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi. Ruwan shuka ne sosai, shi ya sa ko shayi ban tsaya sha ba, na ɗora buhun irin gero a kan kabu-kabu daga unguwar Kara-Kara zuwa tasha. Irin na gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, da ke wani ƙauye gaba da Damagaram Takaya. Tun lokacin girbi ta ce in ajiye mata shi a birni, don a cewarta iri ba ya ganin damina a gidan da jikoki ke kukan yunwa. Sharaɗinmu ɗaya ne: ranar da ruwa ya sauka in kai mata kafin ƙasa ta bushe. Duk wanda ya san jigawar can ya san ba ta riƙe danshi.

Motar da na samu tsohuwar kamyo ce, babbar motar kaya mai shan gazuwal, za ta kai siminti da gishiri. Na riga kowa zuwa, saboda haka buhuna aka fara lodawa, sannan aka jibga siminti a kansa aka ɗaure da tamfol. Har ina yaba wa kaina sammako.

A Mirriya muka tsaya ɗaukar ƙarin kaya. Na ci kwaɗon zogale da ƙuli a wurin wata mata, na taya mangwaro na ji tsadarsa, na mayar mata da abinta cikin mutunci. Daga nan har muka sauka daga kwalta, dama da hagu mutane ne a gona: maza na gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ina kallonsu daga saman kaya raina fes, ina cewa kafin la'asar ni ma ina cikinsu.

Wajen hantsi motar ta fara kakkarwa kamar mai masassara. Direba ya tsaya kusa da wata ruga, ya buɗe gaba, ya yi salati. Ya nuna mana wani ƙaton faifan ƙarfe a gaban inji wanda bel ke zagayawa, su direbobi suna ce masa puli. Ashe ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, da roba a tsakani mai shanye girgizar inji. Robar ta tsattsage, na wajen yana rawa. Ya ce in ya matsa mata haka, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin zai karye, motar ta zama ta 'yan gwangwan.

Ya buga wa makanikensa waya a Zinder. Ni kuma na kira mai shagon ƙauyen gwaggo na ce ya gaya mata ina hanya. Na roƙi a sauke kaya a ciro mini buhuna in nemi wata motar, direba ya ce haba Malam, ai yanzu-yanzu za a gyara. Motocin da suka wuce mu ma kowace a cike take har bisa. Wannan yanzu-yanzun ita ta kwanar da mu a gindin wata aduwa, muna shan furar rugar, wadda ko a cikin ɓacin rai sai na yaba.

Makaniken bai samu wani pulin ba sai da yamma, a jikin wata mushen mota. Kirista ne, washegari kuma Lahadi, sai da ya fito daga coci ya hau babur. Ya iso bayan azahar, rigarsa sharkaf da gumi, bai ko zauna ba. Ya ari tabarmar direba ya shimfiɗa a gaban mota yana jera duk abin da ya kwance. Ya cire fanka da bel, ya sa dogon bututu a kan abin kwancewa, mu huɗu muka danna kafin babban ƙusan tsakiya ya saki. Direba ya ɗauko guduma zai buge pulin ya fito, makanike ya riƙe masa hannu. Ya fito da wani ƙarfe mai ƙafa uku ya kafa, yana murzawa a hankali, pulin na fitowa kaɗan-kaɗan har ya faɗo a hannunsa. Daga bayansa ya zaro wani ɗan ƙarfe bai fi ƙwallon dabino ba, wanda ke shiga tsaga ya hana pulin zamewa. Shi ma ya aza shi kan tabarma, ya kwashe manyan ƙarafan ya tafi wanke su da gazuwal.

A nan aka kira la'asar. Wani dattijo mai sayar da goro da muke tare ya ga tabarma babu kowa a kai, ya ɗauka, ya karkaɗe ta da kyau kamar yadda kowane mai salla ke yi, ya shimfiɗa mana. Muka yi sallarmu cikin natsuwa.

Da makanike ya dawo ya ga inda tabarma take, sai ya dafa kai.

"Baba, a ina kuka karkaɗe ta?"

Dattijon ya nuna da hannu, hannun kuwa ya zagaye rabin duniya. Wa zai yi wa mai furfura faɗa don ya gyara wurin salla? Amma wallahi na ji kamar in yi kuka.

Matan ruga suka ba mu aron rariya da faifai. Haka manyan mutane muka durƙusa muna tankaɗe yashi muna neman ɗan ƙarfen nan, har da dattijon, wanda kunya ta hana shi ɗaga kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yashin kansa. Jiya in ka dunƙula shi yana kamawa, yau yana zuba ta rariya kamar gari. Kowace tankaɗa tana gaya mini halin da gonar gwaggo ke ciki. Mun samu ƙusoshi da guntun kwalba da tsohon ɗan kunne, har magariba ta kore mu.

Sai da safiyar Litinin aka ga ɗan ƙarfen a gindin wata tumfafiya. Makanike ya goge shi, ya mayar cikin tsagarsa, ya shafa mai, ya daidaita sabon pulin ya ja shi ciki da ƙusa a hankali, ba guduma. Aka tayar da mota, injin ya yi lafau. Kowa ya yi hamdala, ni dai tawa a bakina ta tsaya.

Da yamma na isa. Gonakin maƙwabta duk an rufe, ta gwaggo kaɗai ke buɗe. Tun ranar Asabar ta sa an sare mata ramuka layi-layi, suna nan rana ta ƙone su. Mai shago ya ce maƙwabta sun kawo mata aron iri, ta ƙi karɓa, ta ce ɗanta na hanya. Na tura hannu cikin rami har wuyan hannu, ban taɓa sanyi ba.

"Sannu da hanya, ɗana," ta ce. "Ka sha wuya. Gobe sai mu yi binne."

Washegari muka zuba irin a busasshiyar ƙasa muka rufe, muka bar wa Allah. In ruwa ya zo da wuri ya tsira, in ya yi jinkiri ɓeraye da tururuwa su riga shi.

Na dawo Zinder a ƙaramar mota, jikina kamar an yi mini duka, yashi har cikin kunne. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa: kayan da ake jira kada ka bari a danne su a ƙasan lodi, kuma kada ka aika wa tsohuwa cewa kana hanya sai ka hango rufin ɗakinta, don ita da gaske take ɗauka. Tun da na dawo, kullum bayan la'asar ina fita ƙofar gida in dubi gabas. Har yau hadari bai haɗu ba.