Harshen da Muka Ƙirƙiro wa Likitan Shanu

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Kazaure, ni da yayana muka kama ɗan shago kusa da tasha, muna gyaran kwamfutoci, muna rubuta wa mutane manhaja idan an samu mai so. Ba a cika samu ba.

Wata Laraba wani likitan dabbobi ya zo daga Roni, dattijo mai furfura, da ƙaton littafi ɗaure a bayan babur. Shi ke yi wa garkunan makiyayan yankin allurar rigakafi, kuma littafin da yake rubuta ranakun allurar a ciki ya fara fin ƙarfinsa.

Ya ce, "Abin da nake so kawai, in kunna kwamfuta da safe ta gaya mini rugar da zan je."

Yaya ya ce, "Sati biyu, ranka ya daɗe."

Likita na fita Yaya ya fara zagaye shagon. Ya ce kowace allura da tazararta, ta shanu daban, ta tumaki daban, gobe kuma a canza. "Me zai hana mu ƙirƙiro masa ɗan harshen kwamfuta da Hausa, ya riƙa rubuta ƙa'idojinsa da kansa?"

Na ce, "Yaya, akwai harsuna da yawa da aka riga aka gama, mu ɗauki ɗaya mana."

Ya ce, "Na wasu ne."

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Kafin la'asar ni ce riƙe da biro ina jera kalmomi: idan, maimaita, rubuta, tsaya. Shi ya ɗauki ginin injin, wato manhajar da za ta karanta umarnin ta aiwatar da shi ɗaya bayan ɗaya. Damina ce, ruwa na dukan kwanon rufi har sai mun ɗaga murya. Mun yi kwana biyu muna musu a kan abin da injin zai ce idan mutum ya yi kuskure. Ni na ce ya rubuta "Kuskure". Yaya ya ce ba za a gaya wa dattijo haka ba. Muka tsaya a kan "Yi haƙuri, ban gane ba."

Ranar da injin ya fara aiki, na rubuta masa ya maimaita sannu sau uku. Sannu uku suka fito a jere. Yaya ya fita ya sayo tsire, muka ci muna ta kallon kwamfutar. Har yau ban ƙara jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Sati biyu ya zama wata uku. Da Likita ya gaji da aike ya zo da kansa, Yaya ya zaunar da shi ya nuna masa. Ya sa tabarau ya karanta a fili, yana dariyar jin daɗi.

"Masha Allah, kwamfuta na jin Hausa! To yau rugar wa zan je?"

Ko garke ɗaya ba mu shigar ba.

Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce wa Yaya, "Ɗana, ni fa wuni nake ina kokawa da bijimai. Yaushe zan zauna rubuta wannan?"

Cikin kwana huɗu na rubuta masa abin da ya nema tun farko, da harshen da aka koya mana a makaranta. Da shi ya yi aiki har ya yi ritaya. Namu harshen kuwa, wata malama daga Gwiwa ta karɓa ta koya wa ɗalibanta na zango ɗaya, daga nan ban sake jin labarinsa ba. Kwamfutar da yake ciki ma ta daɗe da mutuwa.

Yanzu Yaya yana shugabantar masu rubuta manhaja a wani kamfani a Kano. Kwanaki ya kira ni yana dariya, wai wani ma'aikacinsa ya zo masa da shawarar su gina nasu harshen.

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ya gama aikin mutane tukuna. Sai kuma na jawo kujera na ce ya nuna mini inda ya kai."