Kofur Ɗanliti, Mai Gadin Tafki

Da an sallame sallar asuba, Baba Kofur Ɗanliti ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya zura tsohuwar rigar kakinsa da wanki ya koɗar, ya saɓa gugansa mai dogon icce kamar bindiga, ya nufi tafkin Unguwar Kanya, yamma da Yargoje. Kafin mace ta farko ta iso da tulu, yana tsaye kan gungumen giginyar da ya gitta a bakin ruwa. Shi ke ɗiba, shi ke zubawa ta cikin ƙyallen akoko da ake ɗaurawa a bakin tulu. Doka ɗaya ce a wurin, kuma har mai unguwa ta hau kansa: ƙafar mutum ba ta taɓa ruwan nan.

Bana zai miƙa gugan ga ƙanensa Harisu, don gwiwa ta fara yi masa gardama. Shi ya sa na ce sai na rubuta, domin abin yana ci mini rai. Tsoffin sojojin Bama in sun zo kasuwar Kankara da lambobinsu, makaɗa har rige-rige suke yi. Kofur kuwa ko maroƙi bai taɓa ɓata bakinsa a kansa ba.

Laifinsa, bai yi yaƙi ba. Ya bi fataken goro zuwa Kumasi, ya shiga sojan ƙasa a can bayan an riga an ajiye makamai, aka tura kamfaninsu Tamale, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Da ya dawo gida a 1952, samari suka kewaye shi suna son jin mutum nawa ya kashe. Ya ce ko ƙadangare. Labarinsa duk na ƙafa ne. Yadda suke maci da kaya a baya har tafin ƙafa ya yi kanta. Yadda kowace yamma suke kwanciya rigingine a jere, ƙafafu a sama, samanjansu, wani dogon Bazabarme, ya bi da sanda yana leƙa tsakanin yatsu. Da yadda samanjan nan, duk inda suka yada zango, yake kafa soja guda a bakin tafki don kada kowa ya taka ruwan, kuma sau da yawa Ɗanliti ne.

"Kunya ta ishe ni," in ji shi. "Na ƙetare ƙasashe don in yi gadin kwaɗi? Sai ran nan mai ba mu magani ya ɗebo ruwan a kwalba, ya ɗaga ma rana. Na ga wasu 'yan mitsi-mitsi suna tsalle. Ya ce su ke ɗauke da kurkunu, mai ciwon ke zuba masu shi in ya sa ƙahwa, mai sha ya haɗiye. Da shekara ta zagayo, kamfanin da ke sha yadda suka ga dama rabinsu na kwance. Mu kau muka ratsa Tamale da badujala, ba wanda ya ɗingisa."

Wa zai saurari wannan a Unguwar Kanya? Kurkunu a wurinmu ɗan gari ne, tare da damina yake sauka. Kuma tun kaka da kakanni, in ƙurjin ya taso yana zafi kamar garwashi, magani ɗaya aka sani: a je tafki a tsoma ƙafa a ji sanyi. A tafkin da ake sha.

Babu wanda ya kai Malam Gide, taubashinsa, yi masa ba'a. Shi ya raɗa masa Sojan Kwaɗi. Alhali Malam Gide damina uku a jere yana kwance, matarsa Barakatu ke fama da hauya, ciyawa na cinye geron. Rumbunsa ya zama ɗakin kaji. Ya riga ya faɗa a masallaci cewa in haka ta sake faruwa, zai bar gonar ubansa ya kwashe iyali su tafi dakon auduga Funtuwa.

Ranar da aka yi ta, Dada Larai, tsohuwar da ke wanki a gefe, ita ta ba ni labari. Rana ta take, sai ga Malam Gide bisa jaki, ƙafar dama a kumbure, yana cije leɓe. Kofur ya gitta iccen guga a gabansa.

"Kauce, Sojan Kwaɗi, ƙahwata wuta take ci."

"Na sani. Ba ka shiga."

"Tafkin ubanka ne? Kakana a nan ya tsoma tashi!"

"Shi ya sa jikanshi ke bisa jaki."

Mutane suka taru, wasu na cewa wannan rashin imani ne, a bar bawan Allah ya ji sanyi. Kofur ya karɓi kwatarniyar Dada Larai ya cika ta, ya sauko da taubashinsa gindin kanya, ya durƙusa, ya kama ƙafar nan mai ruwa da wari ya sa a ciki. Da kan tsutsar ya leƙo, ya naɗe shi a tsinke a hankali. Sannan ya ɗauki ruwan ya yi nisa da shi, ya juye kan yashi mai zafi. Haka ya yi wa duk mai ciwon a daminar nan, gida gida, tasa gonar na jiransa. Dada Larai kuma ta ɗaura ɗamara, ta ce duk matar da ta sa ƙafa a ruwa, tulunta ba zai koma gida da rai ba.

Wahalar ita ce, kurkunu shekara yake yi a jiki kafin ya fito. Kofur ba shi da abin nunawa, sai tsayuwa da shan dariya har rani ya wuce. Da ruwan shuka ya sauka, kowa ya riƙa shafa ƙwaurinsa a ɓoye. Aka yi noman fari. Aka yi maimai. Mutum biyu kaɗai suka kwanta a unguwa duka, su ma masu yawon kasuwanni ne da ke sha a hanya.

Ran da Malam Gide ya kira gayyar huɗa, ina wurin. Shi ne a kan gaba, tsoho da shi yana tsere wa samari, Barakatu na rangaɗa guɗa tana share hawaye. Da aka kai kunyar ƙarshe, sai ya yar da galma, ya kwanta rigingine a bakin gona, ya ɗaga ƙafafunsa sama.

"Kofur! Taho ka duba!"

Kafin ka ce me, mazan gayyar duk sun zube a jere, ƙafafu a sama, ana ta ƙyaƙyata dariya. Kofur ya gyara rigarsa, ya ɗauki kara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa tsakanin yatsu. Da ya kai ƙarshe ya ƙame, ya sara. Ni dai ban iya dariyar ba.

Kai ne, Baba Kofur, ka je soja ka dawo ba jinin kowa a hannunka. Na Dada Larai, mai tsare ruwa! Kai ne ka durƙusa ka wanke ƙafar mai zaginka. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma mutanen Mairuwa da Daudawa da Sabuwa, duk mai tafki a garinsu, abin bai fi gungume da guga da ƙyalle ba, sai mutum guda da zai jure dariya shekara ɗaya. A samo shi.

Malam Gide yana nan a gonar ubansa, bana har sabon rumbu ya gina. Har gobe Sojan Kwaɗi yake ce masa. Amma damin farko da ya ɗaure, da kansa ya ɗauko shi, da ƙafafunsa, ya dire a ƙofar Kofur.