Mata bakwai a bayana

Na haura arba'in kafin na riƙe alli. A rumfar yaƙi da jahilci ta ƙauyenmu, ƙasar Olelewa, na koyi haɗa baƙi, kuma abin farko da na karanta da kaina takarda ce da ke manne a zauren maigari: dokar komitin rijiya. A ciki an rubuta cewa ruwan safe na mata ne, dabbobi sai daga baya. Mu kuwa tun ina amarya sai garke ya ƙoshi muke matsowa, mu ja guga da rana tsaka, igiya tana cin tafin hannu. Ba wanda ya ɓoye mana takardar. Muna wuce ta kullum.

Shugabar mata a komitin Hajiya ce, matar ƙanen maigari. Ba muguwa ba ce, tashin magana ne ba ta so. Da lokacin sake zaɓe ya zo, na ce zan tsaya.

Zaɓenmu ba na takarda ba ne. Masu nema kan tsaya a fili su ba jama'a baya, kowace mace ta bi layin wadda take so, kuma ba a waiwaye sai mutumin da ya zo daga ofishin magajin gari ya gama ƙirga. Saboda haka ba a bari abu ya kai can. Tsofaffi kan je wajen wadda ba ta da ƙarfi, ta janye, a ba ta mataimakiya, a yi guɗa a watse. Wadda ma take so, cewa take mutane ne suka matsa mata, don in ta faɗi ta sami mayafin rufe fuska.

Gwaggona aka turo mini. Ta zauna bakin murhu ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce kujerar mataimakiya ma kujera ce, ta ce ina da ƴaƴan da za su yi aure a garin nan. Daga ƙarshe ta ce, “Ke da kika koyi karatu shekaranjiya, za ki tsaya bayanki fayau gari na kallo?”

Na ce, “Gwaggo, mataimakiya tana sa a ba mata ruwan safe?”

Ta kaɗe zanenta ta tafi, ko furar da na dama mata ba ta sha ba.

Na yi abin da ba a yi. Na bi gida gida na ce ina so, da bakina, ban laƙa wa kowa ba. Bazara ce, ga jan ruwa, ga daka, sannan da la'asar in ɗauki ƙafa. Na kwafe dokar a takarda ina karanta musu da yatsa, ina tuntuɓe a kan dogayen kalmomi, suna danne dariya. Yawanci cewa suke Allah ya kai mu, kuma na san fassarar wannan. Ɗaya ce ta faɗa mini gaskiya: bijimin da ke jan wasaki, babbar gugar fata, na gidan su Hajiya ne, ran da igiyar gugarka ta tsinke wajensu kake zuwa. Na je har rugar makiyaya, inda labari ya riga ni cewa so nake in hana shanu ruwa. Na yi bayani har muryata ta dushe. Maigidana bai hana ni ba, sai dai ranar zaɓen ya tuna yana da akuyar kai wa kasuwar Tanut.

Da muka tsaya, mutumin ofis ya matso ya rage murya ya ce, Madam, har yanzu akwai lokaci. Na ce ya yi aikinsa. Ban taɓa sanin kunne na gani ba sai ranar. Ina jin takalma suna tahowa kamar wajena, sai su karkata hagu. Na kafa ido a kan wata bishiyar aduwa na ƙi ɗaukewa. Layina ya fara ƙirgawa, kafin in haɗiye yawu ya gama.

Na juya. Bakwai. Layin Hajiya ya yi ta tafiya har ya lanƙwasa bayan rumbuna, surukata tana ciki tana binciken ƙasa kamar ta yar da allura. Cikin nawa akwai huɗu da muka yi zaman rumfa tare, da maƙwabciyata, da wata matar makiyayi da ko sannu ba ta ce mini ba ran da na je rugarsu. Ta bakwai tsohuwa ce, daga baya ta gaya mini ɓangarena ne ke da inuwa.

Na je na gaida Hajiya a gaban kowa. Ta riƙe hannuna ta ce da na saurari manya da ba a yi haka ba. Na ce da ba a yi ba kam.

Washegari da azahar na ɗauki guga na tafi rijiya, don ruwa bai san an kayar da ni ba. Tun daga nesa wata ta ce a matsa, ga shugabar bakwai. Aka yi dariya, na ce ta riƙe mini igiya tunda bakinta ya huta. Sunan ya bi ni har yau, kuma ina amsawa.

Ruwan safe bai zo ba. Har yanzu sai komin shan dabbobi ya cika ya ƙare sau nawa kafin mu matso, kafaɗata ta dama kuma ta fara ƙin ɗagawa. Takardar zauren maigari rana da ƙura sun cinye ta, ba a iya karanta komai. Tawa tana ƙasan akwati cikin leda. Wani lokaci ɗaya daga cikin huɗun nan takan zo ta ce in fito da ita, mu karanta layin nan tare, sannan kowa ta ɗauki gugarta.