Ramar da na shuka a ruwa a Waziriyya

Ni mutuniyar rama ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. A gidanmu a Malumfashi, da damina ta zauna, kwaɗon rama ne abincin ranata: a dafa ta ɗanya, a matse, a zuba garin ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Ku riƙe namanku, ni dai a miƙo min kwanon.

Da aikin jinya ya kawo ni Jidda, na sami komai ban da ita. Akwai busasshiya a shagunan mutanenmu a unguwar Nuzla, amma wannan ai sunan rama kawai ta ara. Ka jiƙa, ka dafa, ka tauna, sai ka ji kamar tsohuwar tabarma kake ci. Na gwada shuka a tukunya a baranda, zafin Jidda ya gasa min tsiron tun bai san inda yake ba.

Wata abokiyar aikina 'yar Filifin ce ta buɗe min ido. A kicin ɗinta take noman latas, babu ƙasa ko cokali guda, ruwa ne kawai da taki na kwalba. Na ce in dai latas, wannan lalataccen ganyen, zai yarda ya rayu a ruwa, to rama ba za ta ba ni kunya ba. Goggona ta zo Umra, ta taho min da iri a ƙulle a bakin gyale, tana ta mita wai an tura yarinya ƙasa mai tsarki ta koma manomiya.

Ɗan ɗakin ajiya na gidan da nake haya a unguwar Waziriyya na share. Na jera bokitan fenti, na huda murafensu, na dasa tsiron a soso, saiwar na lilo a cikin ruwa. Na sa ɗan injin busa iska irin na masu kiwon kifi, yana ta ɓulɓul dare da rana. A sama na rataya fitilar shuka mai haske ja-ja shuɗi-shuɗi. Rama in ta ga yini ya gajarta sai ta fara fure, ganyen ya yi tauri, ni kuwa ba fure na zo nema ba. Don haka nake barin fitilar ta daɗe a kunne, ita kuma baiwar Allah ta ɗauka har yanzu tsakiyar damina ce, ta yi ta zuba ganye.

Kai, na so shukar nan. In na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, kafin in cire takalmi sai na leƙa ta. Ganyen farko faffaɗa ne, kamar tafin jariri. Da ta yi tsayi sai sababbin suka fara fitowa a tsattsage, yatsu-yatsu, masu baki kamar zarto. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san haka rama take. Ni ban ga komai ba sai kwaɗo.

Waya ba ta kamawa sosai a ɗakina, don haka a matakala nake tsayawa in kira ƙanwata. Muryata kuwa, Allah ya ba ni, ba ta buƙatar lasifika.

"Ke, kin ga ganyena kuwa? Ya yi kyau har ya gaji. Kwana kaɗan ya rage in fara tsinka, har 'yan wajen aiki sun ce in ajiye musu."

Abin da ban kawo a raina ba shi ne maigidan hayar, wanda ke zaune a ƙasa da iyalinsa da tsohuwarsa. Haihuwar Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa a baki gutsi-gutsi ce, rabi Larabci, amma kunnensa ba abin da ke wuce shi. Kuma kalmar ganye, a wurin samarin unguwa ya fi jin ta, su kuwa in sun ce ganye, wiwi suke nufi.

Wata ranar hutu bayan la'asar ya ƙwanƙwasa, wai ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga ta bangonsa. Na yafa mayafi na buɗe masa, matarsa na tsaye a bayansa. Bai ko kalli mukayyif ɗin ba. Hasken da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya ya bi, ya tura ƙofar, ya tsaya. Na ga wuyansa ya jiƙe da gumi nan take.

"Sista," ya ce a hankali, "haram alaiki. A gidana?"

"Alhaji, me ya faru?"

"Wannan. Ganye. Ni na ji da kunnena, kin ce za ki ba mutane."

Sai a lokacin na kalli ramata da idon wani. Fitila mai launi, bokitai a jere, ɗaki a rufe, ganye yatsu-yatsu. Dariya ta taso min, tsoro ya danne ta.

"Alhaji, rama ce. Rama ta kwaɗo. Wadda ake sayarwa a Nuzla."

"Rama baƙa ce, a leda take. Ni na san rama."

Raina ya ɓaci. Na ce ni da nake sallah biyar, nake kwana a kan marasa lafiya, ni za a kalla a ce ina noman wiwi? Na ɗauko waya na nemo masa hoton rama. Ya duba, ya nemo hoton wiwi a tasa wayar, ya haɗa su gefe da gefe. Wallahi ni kaina sai da na ga kamannin. Na tsinko ganye na tauna a gabansa, na miƙa masa ya ji tsamin. Ya ja da baya kamar na miƙa masa kunama.

"Sista, isma'i, ki saurara. A ce gaskiyarki ne. Shurɗa, 'yan sanda, in sun zo, sun san rama? Za su tafi da ke, su tafi da ni, sannan a yi bincike. Kafin a gama, kafilinki ya soke iƙama. Halas. Ki cire shi yau, kuma ƙarshen wata ki nemi wani gida. Ni ina da yara."

Nan fushina ya sace, don maganarsa babu ƙarya a ciki. Asibitin da ya ɗauko ni shi ne kafilina, iƙama, takardar zamana, a hannunsa take, kuma ba ya son ko ƙurar magana. Mace ita kaɗai kuma, samun gidan haya mai mutunci kusa da aiki ba wasa ba ne, na sha wuya kafin in sami wannan. In na fita da sunan mai ganye, labarin zai riga ni isa duk ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Da suka sauka na ɗauko almakashi. Ina yanka ina zagin kaina, ina zagin matakala, ina zagin hawayen da ba wanda ya gayyace su. Na zubar da ruwan bokitan, na kashe fitila. Ganyen ya cika babbar roba. Zubarwa a shara ma wani haɗarin ne, kuma ni ba zan zubar da rama ba ko da wuƙa a wuyana. Na dafa ta duka, na matse, na daka ƙuli-ƙuli, na yanka albasa, na haɗa kwaɗo mai rai da lafiya. Na cika kwano na sauka da shi, da niyyar in ajiye masa in ce ga wiwin nasa, a ci lafiya.

Matarsa ta shigar da ni. Tsohuwarsa na zaune a kan darduma, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, ina wuni. Ga ɗan abin taɓawa."

Maigidan ya taso da sauri yana faɗa mata wani abu da Larabci. Ba ta ko dube shi ba. Ta jawo kwanon, ta shinshina, ta sa yatsu ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Ta ƙara loma, ta ƙara wata.

"'Yata, wannan ɗanya ce?"

"Ɗanya ce, Hajiya. Ɗazu na yanke ta."

"A ina?"

"A sama. A ɗakina."

Ta ajiye carbin. Ta ce ita a Nuzla aka haife ta, busasshiya kawai ta sani. Uwarta kuwa, wadda aka taho da ita tana budurwa, har ta koma ga Allah tana ba su labarin wani tsami da ɗanyar rama ke da shi, su kuma suna yi mata dariya, suna cewa son gida ne kawai yake sa ta ƙari.

"Ashe ba ƙari take yi ba," in ji ta, ta share ido da bayan hannu. "Yaushe za ki sake tsinka?"

Na dubi ɗanta. Shi kuma ya dubi silin.

"Babu saura, Hajiya. Alhaji ya ce in cire, kuma ƙarshen wata zan tashi."

Tsohuwar ta juya ta kalle shi, kallon da ya mai da mai furfura ɗan yaye. Ya fara bayanin shurɗa da iƙama, ta ɗaga hannun da ke da ƙuli-ƙuli ta katse shi.

"A ɗakina za a shuka, a nan ƙasa, ƙofa a buɗe. Wanda ya zo tambaya ya same ni." Ta jawo kwanon ta rungume a cinya. "Yarinyar nan kuma in ta tashi, ka nemo mota babba, don da ni za a tafi."