Wuyan Namadi Ya Ƙi Dama

Namadi ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, kuma gaisuwa ce ta fito da sunansa. Yana tuƙi yana ɗaga wa kowa hannu. Har jakin da ya saba gani sai ya yi masa sannu da aiki.

Barcin rana kuwa bisa babur yake yinsa: ruf da ciki, kunci a kan tanki, ƙafafu na reto ta baya. Matarsa Sa'adiyya ta yi magana har ta gaji. Shi dai cewa yake ɗumin tankin nan babu matashin da ya kai shi.

Wata Laraba ya farka, wuya ya kafe yana kallon hagu. Haka ya ci gaba da aiki, yana duban hanya da wutsiyar ido, fasinja na ta salati a bayansa. Mutanen hagu suka ƙoshi da gaisuwa. Amma surukinsa, Baba Na'Allah, a hannun dama yake shimfiɗa tabarma, bakin hanyar Kaoje, kuma kafin Namadi ya dawo ta hanyar, tsohon ya shige gida. Sauka ya gaishe shi da ƙeya? Kunya ta hana. Sai ya riƙa wucewa fuu, kamar mai gaba.

Sa'adiyya ta je gidansu ta dawo ta ce Baba na tambaya ko laifi ya yi wa mijinta.

Washegari ya tsallaka iyakar Benin, wurin Malami mai gyaran wuya. Malami ya kwantar da shi, ya murza da man kaɗe yana ta jansa da hira, can sai ƙas! Namadi ya kira sunan mahaifiyarsa.

"Wanga wuya ba na babur ba ne," in ji Malami. Ya ce daga yau a kwanta ta gefe, a kan tabarma, matashi daidai kafaɗa.

Ya taho yana juya kai dama da hagu kamar ƙadangare, yana dariya shi kaɗai. Da isa inda Baba Na'Allah ke zama ya taka burki, ya cire takalmi, ya durƙusa ya juya dama da dukan ƙarfinsa. Wayam, sai akuya.

Murya ta fito daga bayansa, tsallaken hanya.

"Namadi, ga ni nan. Ɗiyata ta ce hagu kaɗai kake gani, shi ne na maido tabarmata wanga gefe."