Gyaran Baffa da Ya Ɓace Daga Shafi

Baffana malami ne a Ƙofar Kware, mutane suna kawo masa tambayoyi kan salla da azumi da gado. Da ƙafafunsa suka fara ba shi wahala, ya rage zaman zaure, sai na gina masa shafin intanet, tunda sana'ata ke nan a ɗan shagona na Gidan Igwai. Ana turo tambaya, ya faɗi amsa, ni in rubuta in ɗora.

Baffa ba ya goge amsar da ya taɓa bayarwa. In ya sake bincike ya ga da kuskure, sai ya ce a bar ta yadda take, a rubuta gyara a ƙarƙashinta, don ɗalibai su san malami ma yana komawa ga gaskiya. Na yi wa gyaran wani ɗan akwati ja a cikin ƙirar shafin, wato zubin da kowace amsa ke shiga kafin ta bayyana ga mai karatu.

Ana gab da azumi, masu kula da manhajar da na ɗora shafin a kanta suka sanar cewa sun yi ritaya da tsohuwar hanyar fitar da ƙirar shafuka, wato sun daina aiki da ita, kowa ya koma sabuwa. Na zauna na sauya komai kamar yadda suka tsara. Na buɗe shafin farko, lafiya lau. Na buɗe amsoshi da dama, rubutun Larabci ya zauna daidai, ba abin da ya karye. Har na yi wa maƙwabcina mai gyaran waya alfahari cewa na gama tun kafin a ga wata.

A tsakiyar azumi, wata rana bayan la'asar, ina zauren Baffa ina rubuta amsa, aka yi sallama. Wata mata ce daga Gawon Nama, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida shi. Ta ce mijinta tela ne, yana da ciwon suga, likita ya hana shi azumi. Amma ya karanta a shafin Malam cewa mai irin ciwonsa zai iya yi in yana jin ƙarfi, ya ƙi saurarar kowa. Jiya da tsakar rana ya faɗi kan keken ɗinkinsa, yanzu yana asibiti.

Baffa ya ce ai ya gyara wannan amsar tun shekarun baya, ya rubuta cewa wanda likita ya hana, kada ya kuskura ya yi. Matar ba ta yi gardama ba, ta miƙo mini wayarta.

Na duba. Tambayar na nan, tsohuwar amsar na nan. Ƙarƙashinta fari fat. Na ja shafin ƙasa, na sake buɗewa, na ɗauko tawa wayar. Babu jan akwati. Na nemi wata amsar da na san an gyara, ta gado, ita ma babu. Na mayar wa matar wayarta.

"Ɗana, mi af faru?" in ji Baffa.

Na buɗe kwamfuta a gabansu, sai a lokacin na gane. Ɗan umarnin da ke kiran akwatin gyara yana cikin abubuwan da aka yi ritaya da su. Sabuwar manhajar ba ta tsaya ba, ba ta nuna kuskure ba, tsallake shi kawai take yi ta ci gaba. Gyare-gyaren duk suna nan a ajiye, amma tun kafin azumi ba wanda ya ga ko ɗaya. Duk abin da Baffa ya janye da bakinsa, shafin yana ta faɗa wa mutane da sunansa.

Na bayyana masa iya yadda zan iya. Fuskarsa ta sauya yadda ban taɓa gani ba.

"Kana nuhin duk wanda ya karanta, kuskurena kaɗai ya gani?"

Na ce haka ne, Baffa.

Ya ce in rufe shafin nan take, na rufe. Sannan ya nemi sandarsa. Mutumin da masallaci ma sai an riƙa shi, ya sa na tare keke napep muka bi matar zuwa asibiti. Mun sami telan ya farfaɗo, an ɗaura masa ruwa. Ya yi yunƙurin tashi, Baffa ya danne kafaɗarsa, ya nemi gafararsa, ya faɗa masa hukuncin baki da baki. Telan sai kuka.

Mayar da akwatin bai ɗauke ni ko awa guda ba, amma Baffa ya hana a buɗe shafin. Ya ce abin da zai iya ɓacewa ba tare da ya yi ƙara ba, ba za a sake jingina masa lafiyar mutum ba. Sauran azumin muka yi muna bin amsoshin ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa yana saurare. Duk wadda aka gyara, muka cire tsohuwar, muka rubuta daidai ɗin a gurbinta. Ya kuma sa ɗalibansa suka sanar a masallatan unguwa cewa wanda ya karanta wani hukunci a kwanakin nan ya dawo ya tambaya. Mutane sun zo, ciki har da wasu 'yan'uwa da suka kusa raba gona bisa tsohuwar amsa.

Telan ya warke, ya koma shagonsa kafin salla. Shafin kuwa sai bayan salla da mako biyu Baffa ya yarda na buɗe.