Mutum na Uku

A wancan lokaci na yi imani cewa mai fassara ba ya ɗaukar alhakin abin da ya fassara. Shekarata ashirin da 'yan kai, ina koyarwa a makarantar elemantare a Gwandu, kuma ni kaɗai ne a danginmu mai karanta Turanci.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da babbar mota guda mai bodin katako, shi yake tuƙa abarsa. Yakan ɗauki gyaɗa daga Gwandu, ya dawo da shinkafa da busasshen kifi daga wajen Kalgo, mutane zaune a kan buhuna. Motar ita ce abincin gidaje uku, har da namu. Da 'yan doka suka matsa a kan takardar inshora, sai ya je Sakkwato ya yanko. Ya kawo mini ita da hantsi, a naɗe cikin hularsa.

"To, Malam Bature," in ji shi, "gaya mini abin da nis saya."

Na karanta, na ce takardar ta mutum na uku ce.

"Ni ɗaya, kamfani biyu. Wane na ukun?"

"Ba a san shi ba tukuna, Kawu. Wanda motar za ta buge ne. In ya mutu, su za su biya diyyarsa."

Na ce "za ta buge". Ban ce "idan ta buge" ba. Shekara talatin ke nan ina auna tazarar da ke tsakanin kalmomin nan, har na yi jami'a na gama, ban iya wanke kaina ba.

Kawu ya ce, "Ashe diyyar mai rai nib biya."

Daga ranar tuƙinsa ya sake. Duk mai tafiya a bakin hanya sai ya rage gudu ya dubi fuskarsa, kamar mai cigiyar wani. Mata masu tallar nono, masunta, mai jaki, kowa sai ya gaishe shi. Fasinjoji suka fara yi masa ba'a, wai da ƙafa sun fi shi sauri. Wasu 'yan kasuwa suka koma wata motar.

Da hutun makaranta na bi shi zuwa Diggi, can wajen Kalgo, ɗaukar shinkafa. Rana tsaka, hanya fayau, ba gona kusa, ba garke, sai ga wani tsoho tsaye a tsakiyar burji. Ya sa fararen kaya wankakku, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefen hanya. Kawu ya taka birki tun daga nesa.

Tsohon ya tako a hankali, ya dafa murfin injin mai zafi, bai janye hannunsa ba.

"Wagga ce motar da anka biya ma diyyar mutum guda?"

"Baba, kauce, don Allah," in ji Kawu.

"In ba a samu mai shi ba tukuna, ni ba ni da sauran aiki. Jikoki gare ni."

Bai yi kama da mai taɓin hankali ba. Ya yi maganar ne kamar mai tayin akuya. Na san labarin diyyar yana yawo a kasuwa, kuma na san yunwar da ake yi a shekarar. Wannan bayani ya ishe ni a aji, amma bai taɓa isata ba in na tuna takalman nan.

Kawu ya fito ya kama hannunsa, ya kai shi inuwar wata tsamiya, ya ba shi goro. Muka jira ya tafi. Bai tafi ba, yana dai duban tayoyin gaba. A ƙarshe fasinjoji biyu suka riƙe shi har muka wuce, sannan suka rugo suka hau.

Mun iso Gwandu da kayan bayan la'asar. Kafin damina Kawu ya sayar da motar ya koma noma, kuma bai ƙara tuƙi ba har ya rasu.